Faifan Kawu Umaru da Hagun Nura

Ku da kuka san Kawu Umaru, na san abin da ya fara faɗo muku a rai da kuka ji labarin rasuwarsa. Kada wani ya ce mini hularsa ya tuna ko tsohon kekensa. Faifan nan ne, wanda marigayiya matarsa take rufe ƙwaryar fura da shi, wanda bakinsa ya zaizaye har ya ɗinke shi da zaren buhu. Shekara talatin da ɗoriya yana koyar da ƙwallon kwando a filin bayan makaranta a Badariya, amma wallahi a duk shekarun nan bai taɓa ganin ƙwallo ta shiga raga ba. Da an busa usur sai ya ɗora faifan a goshi ya karkato shi, yadda ba ya ganin komai na 'yan wasa sai daga gwiwa zuwa ƙasa. In ka tambaye shi dalili ya ce kwando ba ya wasa, yana nan inda aka kafa shi, ƙafa ce take wasa.

Ni Sani, ɗan yayarsa ne, don haka na sha kallo kuma na sha haushi fiye da kowa. Ina tsaye kusa da shi ranar da yaranmu suka ci 'yan Argungu da jifan ƙarshe. Fili ya kaure da ihu, an ɗaga yaron da ya jefa ana zagayawa da shi, sai na ji ana jan hannun rigata. Na sunkuya, don Kawu ko kafaɗata bai kai ba, sai ya ce, "Wa yac ci?" Na ce mu ne mana. Ya ce, "To ku sauko min da shi, bisa diddige yad dira." Haka aka sauko da gwarzon ranar daga kafaɗun mutane, ya yi tsalle hamsin a gaban 'yan kallo.

Bayan faifai akwai igiya. Tsohuwar igiyar guga ce da ya yi wa ƙulli-ƙulli, kullum tana aljihun gefe, da ita yake auna faɗin hannuwan mutum. Kuma ba ruwansa da ko kana wasa ko ba ka yi. Ya auna mai shayi, ya auna direban da ya kawo mana taki, ya auna likitan da ke duba masa hawan jini. Ranar ɗaurin auren ƙanwata, an zauna, an raba goro, liman ya gyara murya, sai Kawu ya ce ango ya ɗan miƙe ya buɗe hannuwa. Bawan Allah ya ɗauka wata al'adar gidanmu ce, ya miƙe da babbar riga yana gumi. Kawu ya auna, ya naɗe igiyarsa, ya ce a ci gaba, 'ya'yansu za su yi hannu.

Zancen tattali kuwa sai dai a yi shiru. Ƙwallo ɗaya ya yi ta amfani da ita har ta yi sulɓi kamar ƙoƙo, ya sa mata suna Hajiya, wai saboda ta manyanta a girmama ta. Mai facin nan na Nasarawa ya san Hajiya fiye da tayar kowane babur a unguwar. Tsofaffin ɗalibansa sun gaji da ganin wannan abin kunya, duk wanda ya samu hali sai ya sayo sabuwa ya kawo. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya kai ɗaki. Da muka buɗe akwatinsa bayan sadakar uku, guda shida muka tarar a jere, ko iska ba a taɓa sa musu ba. Ashe ajiye su yake kada su lalace.

Hukuncinsa a kan ɗan wasa iri biyu ne kawai. In ba ka da rabo a abin, ya ce, "Allah shi ba ka wata sana'a." In kuwa ya ga wani abu a jikinka, ya ce, "Da saura." Wato ka cancanci a wahala a kanka. Mutanen da suka taɓa jin wannan ta biyun daga bakinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ni ta farkon na samu. Ina shekara goma sha bakwai, na fi kowa tsawo a ajinmu, ina tafiya ina jin kaina. Ya kalle ni ta ƙarƙashin faifai na minti biyar, ya kira ni gaban abokaina ya ce, "Sani, tsawon ga naka na ɗauko kaya bisa kanta na. Allah shi ba ka wata sana'a." Addu'ar kuwa ta karɓu, don ga ni nan da shagon shinkafa, kuma har yau ni ke ɗauko abin da ke saman kanta. Amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna mini a wuya shekara da shekaru.

Shi ya sa da ɗana Nura, na uku a 'ya'yana, ya fara miƙewa kamar gwangwala yana bin fili, na je na samu Kawu na ce masa ya kashe mini nawa wasan, ba zai kashe na ɗana ba, kada ya kuskura ya duba mini yaro. Ya ce ya ji. Ku ji taurin kai: daga ranar, duk lokacin da Nura ya shiga fili, sai Kawu ya sauko da faifan ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, ya zauna haka har a canza shi. In sun haɗu a gida su yi ta wasan jika da kaka, Nura ya ce masa tsoho mai faifai, shi kuma ya ce masa sandar ciro mangwaro, amma maganar ƙwallo ko da wasa. Shekara bakwai ana haka. Yaron a wajen wasu ya koya, da ya tafi karatu Sakkwato, har wata ƙungiya ta Legas ta gan shi ta ɗauke shi da kwantiragin shekara ɗaya. Ranar da zai tafi na bi ta ƙofar gidan Kawu sau biyu ina tari, don ya san ba da shi aka yi ba.

Da kakar wasa ta ƙare, Nura ya dawo hutu a rame, ba ya ko son fita zaure. Da ƙyar uwarsa ta tatsi maganar. Kocinsu ya ce masa tsawo kawai gare shi, jifansa ba ya da daidai, in ya zo ƙarƙashin kwando sai ya rikice kamar mai neman takalmi a ƙofar masallaci. Mataimakin kocin, wani ɗan Jos, zai zago Arewa neman dogayen yara nan da sati shida, zai tsaya Argungu ya sake dubansa sau ɗaya. In bai gamsu ba, shi ke nan, a sallame shi. Yaron yana shekara ashirin, ya ajiye karatu saboda wannan abin, kuma duk Badariya an san ya tafi. Ni har na fara share masa wuri a shago. Uwarsa ce ta tsaya a kaina ta ce in ajiye girman kai in je in ba Kawu haƙuri, tunda ba ni kaɗai na haifi yaron ba.

Na je, na zauna a ƙasa, na yi ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama zubar da mutuncina tas, sannan ya ce gobe da safe in kawo masa yaron Zauro. Na ce ai babu fili a Zauro, gonakin shinkafa ne. Ya ce ya sani, ba a can aka haife ni ba ne?

Lokacin dashe ne, fadama cike da ruwa da mutane. Kawu bai zo da Hajiya ba, faifai kawai da igiya. Ya nuna wa Nura wata hanyar ruwa da ke tsakanin gonaki biyu ya ce ya tsallake. Ya tsallake. Ya ce ya dawo. Ya dawo. Sau goma yana sa shi, masu dashe sun miƙe suna kallon ikon Allah, ni kuma ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A na goman sai ya sauke faifan, bai kalli Nura ba, ni ya kalla. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Wa yaɗ ɗamre ma yaron ga hannu?"

Na ce wane hannu kuma? Ya ce kada in raina masa hankali. Duk tsallen da yaron ya yi da ƙafar dama yake tashi, kuma mai tashi da ƙafar dama bahago ne, haka Allah ya halicce shi. Shi kuwa an tilasta masa jifa da dama, shi ya sa in ya zo ƙarƙashin kwando ƙafarsa ta ja nan, hannunsa ya ja can. Sannan ya ce, "Ƙahwa ba ta ƙarya, Sani, don ba wanda yat taɓa bugun ta da ludayi."

Ludayin nan kuwa nawa ne. Lokacin an tura Kawu koyarwa Yawuri na ɗan lokaci, bai san an yi ba. Nura yana ɗan shekara biyu ya fara kai hagu cikin akushi, Inna, mahaifiyata, ta ce ba a gidanta ba. Aka riƙa naɗe masa hannun da tsumma in za a ci abinci, in ya kwance ya miƙa, ni ke ƙwala masa ludayi a bayan hannu. Ban tsaya kan abinci kaɗai ba, har fensir, har jifan kaza, duk abin da ya ɗauka da hagu sai na buge. Na ɗauka tarbiyya nake yi, kuma kowa ya yaba mini. Shi Nura bai ma tuna ba, yana tsaye cikin taɓo yana juya hannun yana kallo kamar na aro.

Daga ranar aka shiga aiki. Igiyar awo ta koma ta ɗaure hannun dama a ƙugu. Kullum da safe Nura yana bakin gona yana jefa wa masu dashe damman irin shinkafa da hagu, kowane dami ya faɗi gaban mai shi, ba a bayansa ba. Masu gonar sun samu ɗan ƙwadago kyauta, har wani ya tambayi Kawu ko yana da wani dogon. Da yamma a koma fili da Hajiya, Kawu na ƙarƙashin faifai yana ta faɗin abin da ya saba, "Karya gwiwa, karya gwiwa," don a wajensa dogon da ba ya lanƙwasa gwiwa turken tanti ne kawai.

Sai dai hagun da aka tasa daga barcin shekara goma sha takwas bai san iyaka ba. Nura ya fara miƙa wa uwarsa kofi da shi, ta yi masa faɗa. Ya karɓi saƙo a hannun maƙwabcinmu da shi, aka kawo ƙara. Babbar ta faru ranar Juma'a, bayan an sallame, liman ya miƙo masa hannu a gaban jama'a, gogan naku ya miƙa hagu. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Inna, da tsufanta da sandarta, ta sa aka kira mata ƙaninta, ta wanke shi tas, ta ce abin da ta gyara da wahala ya zo ya ɓata a sati uku. Kawu yana durƙushe gaban yayarsa kamar yaro, amma ina ganin gefen bakinsa yana motsi don murna. Da ta gama ya kira Nura ya kafa doka a gabanta: "Hannun dama shi ci tuwo, shi gaida mutane. Na hagu shi ci ƙwallo. Kowa da aikinai." Inna ta ce in dai haka ne ta yarda. Kawu ya tafi ba liman haƙuri da kansa, aka ce mini bai fito ba sai da ya auna shi.

Kafin ranar Argungu ciwon Kawu ya tashi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce ya kwanta. Ya ce likitan da faɗin hannunsa bai kai tsawonsa ba, ba zai hana shi tafiya ba. Na ce in ɗauko masa shatar mota, ya ce almubazzaranci, a gaban a-kori-kurar shagona zai zauna. Haka muka tafi, yana rungume da faifai, duk ramin da na faɗa sai ya ce tuƙin nawa ma Allah shi ba ni wata sana'a.

Ɗan Jos ɗin mutumin kirki ne, da wayarsa da ɗan littafinsa. Aka haɗa wasa da samarin Argungu, aka ajiye wa Kawu kujera a bakin fili, na tsaya bayansa. Aka fara, sai na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Nura ya koma dama. Duk wahalar sati shida kamar ba a yi ba, ya zo ƙarƙashin kwando ya rikice, ya jefa ta bugi ƙarfe ta dawo. Ɗan Jos ya rubuta wani abu, ya duba agogo. Ni dai na ce a raina shago ya yi kira.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Kawu ya jawo hannun rigata yadda ya saba. Ya ce yana kallon ƙafafun yaron, duk sanda zai tashi sai yatsunsa su juyo wajen da nake tsaye. "Ba ɗan Jos shika tsoro ba," in ji shi, "kai shika tsoro. Tahi ka kwance abin da kaɗ ɗamre."

Kun san mu, uba ba ya tsallaka fili a gaban jama'a ya je yana lallashin ɗansa. Na tsaya ina jan ƙafa, sai ya ɗaga faifan kamar zai kwaɗa mini, da girmana da furfurata. Na tafi. Nura yana zaune kan benci ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga. Na kama hannunsa na hagu da hannuwana biyu, rabon da in taɓa hannun nan tun ina dukansa. Na ce, "Ni na ɗamre hannun ga, kuma ban kyauta ba. Na kwance shi. Tashi ka yi wasanka." Bai ɗago ba, amma na ji ya matse mini yatsu. Na juyo da sauri don kada samarin Argungu su ga idona.

Abin da ya biyo baya wasunku suna wurin. Ƙwallon farko da ta zo hannunsa ya bi ta hagu, ya tashi da ƙafar dama, ya ajiye ta a raga a hankali kamar mai ajiye ƙwai a kwando. Ya sake, ya kuma sakewa. Masu tsaronsa duk sun saba tare dama, kamar kowa a ƙasar nan, sai suka riƙa tare iska. Ɗan Jos ya daina duba agogo, ya ɗaga waya yana ɗauka. Ni kuwa ba fili nake kallo ba a lokacin, don na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Faifan yana kan cinyar Kawu. Ya ɗaga kai, baki a ɗan buɗe, yana bin ƙwallon da ido tun daga hannun Nura har ta faɗa raga. Sannan ya ce a hankali, "Ashe haka taka shiga."

Da aka tashi ɗan Jos ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda ya ga yaron. Kawu ya mayar da faifai goshi ya ce, "Da saura." Mutumin ya ɗan ɓata fuska, ya ɗauka kushe ne, sai da na ja shi gefe na yi masa bayanin cewa ni shekara talatin ina neman wannan kalmar ban samu ba. Ya yi dariya ya ce Nura ya haɗa kayansa, a sansanin horo za su gama sauran. Nura ya zo ya tsuguna gaban kakansa, Kawu ya dafa kansa ya ce sandar ciro mangwaro ta fara zama mutum, amma sau biyu ya dira bisa diddige.

Wannan ce fitarsa ta ƙarshe. Bai ƙara wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa, ranar wata Talata da hantsi. Nura ya kamo hanya daga Legas tun da ya ji jikin ya tsananta, bai samu wankan gawa ba, amma ya samu ɗaukar makara. Da ya sa kafaɗa sai makarar ta karkace, don ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Dole ya lanƙwashe, ya yi tafiyar nan a haka tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Wani tsohon ɗalibin Kawu da ke gefena ya raɗa mini cewa yau dai Malam ya samu yadda yake so, yaro ya karya gwiwa. Na toshe baki da hannun riga, ni kaina ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Ƙwallayen nan shida mun sa musu iska mun kai filin Badariya. Hajiya tana wurin Nura, ya ce ba mai taɓa ta. Faifan kuwa ni na ɗauke, yana rataye a shago, can saman kanta inda ni kaɗai ke kaiwa. Ina kewarsa ƙwarai, har zagin nasa nake kewa.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ka ga abin da ni uban yaro ban gani ba, ka gyara abin da na ɓata, kuma ba ka taɓa goranta mini ba. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da mai faifan a Aljanna. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya miƙa maka naka a hannun dama. Amin.